Akwatin da Aka Yi wa Ɗalhatu

Benci mafi tsawo a rumfata ba benci ba ne, akwati ne. Direbobi na zama a kai su ci tuwo, su ɗiga masa miya, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya sa aka yi shi daidai tsawon mutum. Ni ma ba na tanka musu. Amma tunda an tambaye ni wane ne Ɗalhatu mai lagireto, dole daga akwatin nan zan fara.

Sunana 'Yargata, Bakatsiniya ce ni daga Jibiya, abinci nake sayarwa a bakin tashar Arlit. Da na zo garin nan na iske Ɗalhatu ya riga ni, rumfarsa na jingine da inda na kafa tawa. Bakabe ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi kusa da Argungu, kun ga ke nan abokin wasana ne tun kafin mu gaisa. Ranar farko ya ɗanɗana miyata ya ce ko kifin da ya mutu da baƙin ciki ya fi ta daɗi. Na ce masa mutumin da ya baro ruwa ya zo yana gadin rairayi ba shi da bakin magana. Haka muka zauna shekara da shekaru.

Ya zo ne da niyyar yin shekara biyu, lokacin da ake cewa kuɗin uraniyom a ƙasa ake tsintarsu. Aikin kamfani bai samu ba, sai ya kama liƙin lagireton motoci da dalma da wuta. Shekara biyu ta zama goma, goma ta ninka. Matarsa ta rasu can gida, 'yar da suka haifa ta bi ta. In na ce masa ya je ya ga gida sai ya buɗe mini tafin hannunsa ya ce, "Da mi zan koma, 'Yargata? In ce musu mi na yi?" Kunya ce ta riƙe shi a Arlit, ba wani abu ba.

Abin da ya mallaka a duniya shi ne kwali ɗaya na littattafai. Wani malaminsu Ba'indiye a makarantar koyon sana'a ne ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Labarai ne na mutanen Indiya da Sin da Japan, an mayar da su Ingilishi. A garin da boko Faransanci ne, ba mai iya aronsu, ba kuma wanda zai yi hirarsu da shi. Da rana ta take, aiki ya lafa, sai ya goge hannu da tsumma ya ɗauko ɗaya, ya maƙala tabaronsa mai ƙafa guda. Na taɓa tambayarsa me yake samu a ciki. Ya ce, "Mutane na waɗanda sunka bar gida sunka kasa komawa. Duk dangina na."

A shekarar da tawaye ya sake tashi, garin ya cika da sababbin baƙi masu neman ma'adini, hanya kuma ta cika da nakiya. Mota ba ta fita zuwa Agadas sai a ayari, soji gaba soji baya. Cikin wannan hali wani ɗan Sin ya sauko daga motar wani kamfanin haƙa, rungume da lagireto mai yoyo, ya yi mana sallama da wata Hausa tas irin ta rediyo. Na kusa sakin ludayi. Ya ce a jami'ar ƙasarsu ya koya, malaminsa ne ya raɗa masa suna Jamilu, shi ne tafintan kamfanin. Sansaninsu na can cikin daji, wajen Gugaram.

Yana cikin bayanin yoyon sai idonsa ya faɗa kan littafin da ke kife a bencin Ɗalhatu. Ƙarƙashin sunan Ingilishi akwai rubutun ƙasarsu, irin mai kama da sawun kaji. Yaron nan ya ɗauka da hannu biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri, ya ce, "Baba, wannan kakata ce ta fara karanta mini shi." Ranar lagireto bai liƙu ba sai la'asar.

Daga nan duk zuwan da zai yi gari sayayya, a wajenmu yake yada zango. Ingilishin Jamilu bai taka kara ya karya ba, Ɗalhatu kuma ko gaisuwa bai iya da harshen Sin ba, don haka da Hausa suke musun littattafansu. Ni da ban san bihim ba, a nan na yi nawa karatun, ina tuƙa tuwo ina kasa kunne. Kuma ba na yin shiru. Akwai wata mata a cikin wani littafin da mijinta ya dawo bayan shekaru, maimakon ta yi magana sai ta dafa masa shayi ta koma gefe. Na ce, "Wannan ba ta da baki ne? Ni da butar zan kwaɗa masa." Jamilu ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Inna, shayin shi ne maganar." Ɗalhatu ya ce a rabu da ni, Katsinawa ba su san magana ba sai ta ƙarfi.

Daga littafi sai su gangara gida. Garin su Jamilu ma a bakin kogi yake. Sai ka ji su suna gardamar kifin wa ya fi girma, su biyu a tsakiyar hamada, kowa na buɗe hannuwa. Jamilu ya nuna mana hoton 'yarsa a waya, wadda aka haifa bayan tahowarsa. Ya ce ba zafi ne ke damunsa a nan ba, abin da ke damunsa shi ne in ya yi mafarki yanzu da Hausa yake yi, yana tsoron ranar da zai koma ya zama baƙo a ɗakinsa. Ɗalhatu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura masa kofin shayi bai ce komai ba. Ranar na gane matar nan ta cikin littafi.

Labarin da ya fi kama Ɗalhatu shi ne na wani ɗan kasuwar gishiri da ya mutu a wani gari mai nisa a bakin teku. A al'adarsu ba a barin mutum a baƙuwar ƙasa, sai aka sa shi a akwati aka ajiye a ɗakin ibadarsu, ana jiran jirgin ruwan garinsu ya zo ya ɗauke shi. Shekara na wucewa, akwati na jira. Daidai nan littafin Ɗalhatu ya ƙare, don akuyar Attaher ta cinye ganyen ƙarshe tun da daɗewa. Attaher Buzu ne, direban babbar mota, maƙwabcinmu, har yau yana rantsuwa akuyarsa ba ta cin boko. Ɗalhatu ya yi shekaru bai san ko jirgin ya zo ba. Ga kuma Jamilu, wanda ya san labarin tun a ƙasarsu, Allah ya kawo masa har rumfa.

Amma Jamilu ya ƙi faɗa. Lokacin tari ya riga ya kama Ɗalhatu, irin mai sa mutum ya dafa bango. Wasu suka ce ƙurar garin ce, wasu suka ce hayaƙin dalma. A asibiti aka ba shi magani, aka kuma ce in yana da dangi ya neme su. Shi ne karon farko da na ji ya faɗa da bakinsa cewa yana so ya kwanta kusa da uwarsa, inda ake jin ƙarar ruwa. Jamilu ya ce, "Baba, ni zan kai ka gida. Zan nemi hutu da mota. A kan hanya zan gaya maka ƙarshen labarin, ba a nan ba. Kuma ko da rai ko babu rai, sai na kai ka."

Na ce, "Kai yaro, mu fa da sauri muke binnewa."

Ya ce, "Na sani, Inna, na karanta. A wurinmu ma akwai masu yin sauri."

Ɗalhatu ya katse mu, ya ce, "Da raina za ka kai ni, bar wagga magana." Masu cin abinci suka kira ni, zancen ya wuce. Ashe saurin da yaron nan ya sani na kwanaki ne.

Sai aka fara sace baƙi a daji. Kamfanin ya kulle mutanensa a sansani, ba shiga ba fita. Jamilu na bugo waya in an samu layi, kullum maganar ɗaya ce, an kusa ba shi izini. Ɗalhatu kuwa na ƙarewa a idona. Hannun da ke ɗaga lagireton tirela ya koma ba ya iya riƙe littafi sai ya ɗora a gwiwa.

Attaher ya zo ya same shi ya ce, "Ɗalhatu, ayari yana tashi jibi. Motana yana da wuri a gaba, ka zauna kusa da ni har Tawa, daga can ƙanena ya kai ka Ƙonni." Na ji daɗi har na fara ɗaure masa kaya. Bakaben nan ya girgiza kai. Ya ce, "Yaron ga ya yi alkawali. In ya zaka ya iske na tahi, ya zan yi da shi? Kuma ƙarshen labarina na bakinai."

Ban taɓa yi wa namiji faɗa irin na ranar ba. Na ce masa taurin kai ne ya kawo shi Arlit, taurin kai ne zai binne shi a nan. Na ce labarin banza ne zai hana shi ganin gulbi? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "'Yargata, shekara nawa ina nan ba wanda ya ce zai kai ni gida? Bari in ji daɗin jiran." Na shiga bayan rumfa na yi kukana. Ayari ya tashi ba shi.

Ya cika ranar wata Alhamis da hantsi, a kan tabarmarsa, tabaro a fuska. Attaher, wanda ya riga ya dawo, ya buga wa Jamilu. Layin na yankewa, abin da muka ji kawai shi ne, "Ku jira ni, ina zuwa." Muka ɗauka zaman makoki yake nufi. Aka yi wa Ɗalhatu wanka, aka sallace shi, kafin azahar an rufe shi, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi.

Ranar da ayari na gaba ya shigo, sai ga Jamilu a bayan wata a-kori-kura, ya yi fari fat da ƙura. Ya baro sansani ba izini, ya san aikinsa ya tafi ke nan. Kusa da shi akwai dogon akwati da aka yi da katakon kwalayen injuna. Ciki an shimfiɗa kwanon rufi, an liƙe kusurwoyin da dalma, wani mummunan liƙi mai ƙulu-ƙulu wanda da Ɗalhatu ya gani sai ya zage shi. Da hannunsa ya yi, da abin da ya koya yana kallo. Ya sauko ya ce, "Inna, ina aka ajiye Baba? In mun bi ayarin gobe, za mu kai."

Ni dai na juya ga tukunyata. Attaher ne ya kama hannunsa ya gaya masa. Yaron bai gane ba da farko, ya yi ta maimaita cewa ai ya ce a jira shi. Har ya tambaya ko za a iya tonowa, wasu samari suka taso masa, Attaher ya tsawata musu. Ya ce da shi a hankali, "Ƙasa duka na Allah ne, Jamilu. Inda mutum ya faɗi, nan ne gidanshi." Jamilu ya ce, "Amma shi ba nan yake so ba." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ya roƙa a kai shi kabarin. Mu mata ba ma shiga maƙabarta, sai dai kabarin Ɗalhatu a bakin iyakarta yake, don haka na tsaya bayan duwatsu inda zan ji. Jamilu ya cire takalmi ya tsuguna. Da Hausarsa ta rediyo ya ce, "Baba, ga ƙarshen labarin." Ya ce wata safiya jirgin ya zo. Mutanen garin ɗan kasuwar suka sauko suka ɗauki akwatin a kafaɗa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya tara a shekarun da ya yi. Suka bi kogi da shi har gida, suka kwantar da shi kusa da uwarsa, inda ake jin ƙarar ruwa.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Jamilu, tsakaninka da Allah, haka littafin ya ce?"

Ya ce, "A'a, Inna. A littafin jirgin bai zo ba. Shi ya sa na ƙi gaya masa a nan."

Washegari ya bi ayari, daga Yamai aka mayar da shi ƙasarsu. Akwatin ya bar mini, don ba inda zai kai shi. Na zuba littattafan Ɗalhatu a ciki, ko rabi ba su cika ba, na rufe na jawo shi inuwa. In wani ɗan Najeriya mai Ingilishi ya sauka a tasha, nakan ɗaga murfin in ba shi ɗaya, ya karanta mini abin da ya samu da Hausa, in cika masa kwano. Na ɗan kasuwar gishirin ne kaɗai ba na bayarwa. Yana can ƙasa, ƙarƙashin sauran, ni ma kuma bana ban je Jibiya ba.