Ƙasusuwan Rijiyar Kakan Lawali

Lawali ya rasu a Yola wata Juma'a cikin Nuwamban 2014, yana da shekara arba'in da biyu. Ni ne Bakari, mai haƙa rijiya a unguwar Wuro Patuji cikin Mubi, abokinsa na shekara talatin. Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yansa, su san wane ne ubansu, kuma su ji wani abu da na yi daga bakina kafin su ji a bakin wani.

Gidansu gidan masu haƙa rijiya ne. Kakansa, Malam Maharazu, daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato ya zo Mubi da dagi da igiya, ya zauna a unguwar Lamorde. A hannunsu na koyi sana'ar. Aikin rijiya na mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da igiya a sama, kuma shekara bakwai ni da Lawali muna musanya. Shekarar da aka yi jihar Adamawa muka haƙa rijiyarmu ta farko mu kaɗai, kusa da mayo, wato rafi, muka sami ruwa a gaba shida.

Tsohon yana da labari guda da ba ya gajiya da shi. Ya ce yana saurayi, can garinsu, yana ƙasan wata rijiya sai daginsa ya bugi wani abu mai ƙara. Ya tono ƙasusuwa bakwai a jere, kowanne kamar ƙaramin turmi, sun zama dutse. Labari ya kai kunnen wani Bature mai binciken duwatsu. Ya zo, ya naɗe su cikin ciyawa, ya rufe a akwatin katako, ya tafi. Bai ko tambayi sunan wanda ya tono su ba. Mu dariya muke yi idan ya fara. Lawali kuwa littafin makaranta ya ɗauko, ya sa tsohon ya faɗa masa kowace irin ƙasa da ya ratsa kafin ya kai ga ƙasusuwan, ya rubuta da Hausa yadda ya ji.

Lawali ya ci gaba da karatu, ni na tsaya a aji uku na sakandare. A kwalejin malamai ya ji cewa ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, ya kuma ga hoton wata dabba mai dogon wuya da ƙafafu huɗu kamar filafilin kwalekwale. Ya zo har bakin rijiyar da nake ciki ya leƙo.

"Sobajo, fito ka ga abin da Kaka ya tono!"

Sobajo yake ce mini, wato aboki da Fulatanci. Na fito na duba, na ce wannan ai ƙadangare ne ya haɗiye raƙumi.

"Filesiyoso sunanta," in ji shi. "Kuma ƙasusuwan nan suna wani wuri a duniya, cikin wata durowa. Sai na gano wurin."

Ya zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Lamorde, ya auri Ummusalma, suka haifi huɗu. Mutum ne mai saurin tafiya, mai mantuwa da hularsa, ba ya iya wuce tulin ƙasar sabuwar rijiya bai tsuguna ya murza ta a yatsa ba. Ya samo wani tsohon littafi mai jerin gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen Turai, ya fara rubuta musu wasiƙa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko suna da ƙasusuwan dabbar teku da aka kwaso daga arewacin Nijeriya. Yawanci ba sa amsawa. Wasu su ce babu. Wani gida ya aiko masa da kalanda. Daga amsoshin ya fahimci cewa irin waɗannan akwatuna an rarraba su gida gida, wasu an kwashe su lokacin yaƙi, wasu ba a taɓa buɗe su ba. Kowace amsa, ni ne farkon wanda yake karanta wa, a kan benci a ƙofar gidana bayan la'asar, yana fassara mini. Ban damu da dabbar ba. Zaman nake so.

Da ya shiga jami'a neman digiri na biyu sai ya gamu da Dakta Habib, malamin ilimin duwatsu, ɗan gidan fatake Barebari da suka daɗe a Mubi. Habib ya nuna masa imel. Abin da wasiƙa ke yi a wata huɗu ya koma kwana biyu. Ya koya masa yadda ake neman lambar kaya a kundin gidan tarihi, da yadda ake rubuta wa mai kula da ɗakin ƙasusuwa kai tsaye maimakon shugaban gidan. Bayan la'asar ɗin da yake nawa ya koma na shagon intanet. Idan sun zo wurina, tare suke zuwa, kuma amsar da za a karanta mini Habib ya riga ya gani. Sukan yi dariya kan wata magana ta Turanci, kafin a fassara mini dariyar ta huce.

Ni Bafillace ne, shi Babarbare, kuma kowa ya san akwai wasa tsakaninmu, duk abin da kuka gaya wa juna ba a riƙewa. A cikin wasan nan na ɓuya.

"Ga bawana ya iso," nakan ce. "Da wannan babban ciki za a shiga rijiya? Sai dai a toshe ta da kai."

Habib ya ƙyalƙyale har ya cire tabarau. "Ji ɗan nono! Ubangidanka ya zo ba ka shimfiɗa tabarma ba? Zan sa a kwashe shanunka biyu."

"Kai me ka taɓa tonowa da hannunka? Ƙashin kaza a miya?"

Jama'a su yi ta dariya. Shekara shida ina gaya masa maganganu masu ciwo da gaske, shi kuma yana ramawa da fara'a, yana kawo wa 'ya'yana dabino. Sau biyu ya zo neman Lawali a gidana na ce ba ya nan, alhali yana ciki yana alwala.

Lawali kaɗai ba ya dariya. Wata rana yana raka ni wurin aiki ya ce, "Sobajo, kowa na jin wasa, ni ba wasa nake ji ba."

Na ce, "To ka koma wurinsa mana, ai shi ya iya Turanci."

Ya tsaya ya dube ni. "Shi ya san inda ake ajiye ƙashi. Kai ka san ni. Me ya haɗa su?"

Na saɓa igiyata na wuce. Na so a ce na amsa.

Ranar Laraba da 'yan tada ƙayar baya suka shigo Mubi, ƙarshen Oktoban 2014, da hantsi muka bar gari da ƙafa ta hanyar Sahuda, da matanmu da 'ya'yanmu. Lawali ya fito da jaka guda, ciki akwai fayil ɗin wasiƙunsa na shekara goma sha huɗu da littafin kakansa. Maganin ciwon sukarinsa kuwa ya bar shi a kan taga. Kwana na biyu ƙafarsa ta kumbura, na karɓi jakar, daga baya na goya shi ma. Mun ratsa ta Kamaru, sai kwana na tara muka kai Yola. Ya kwana takwas a asibiti. A rana ta ƙarshe ina riƙe da hannunsa ya buɗe ido ya ce, "Habib ya fita kuwa?"

Na ce ya fita, yana Gombe. Ya ce alhamdu lillahi. Bai ƙara wata doguwar magana ba. Allah ya gafarta mini, a lokacin da abokina yake barin duniya, abin da ke cin raina shi ne ba sunana ya kira ba.

Mun koma Mubi farkon 2015. Ummusalma ta ce in riƙe jakar, ba ta iya ganinta. Na ajiye ta cikin akwatin kayana.

Bayan shekara guda Habib ya same ni ina zuba zoben siminti a wata rijiya a Lamorde. Ya rame. Bai ce ɗan nono ba.

"Malam Bakari, an amsa," ya ce. Wata mata mai kula da ɗakin ƙasusuwa a wani gidan tarihi a Turai ta sami durowa mai ƙashin baya bakwai na filesiyoso. Takardar da ke jikinsu ta ce daga wata rijiya a lardin Sakkwato, ba sunan gari, ba sunan mutum. Akwai ragowar ƙasa manne da su. Idan aka aika mata zurfin rijiyar da jerin ƙasar da aka ratsa, kuma suka dace, za ta gyara takardar ta sa sunan wanda ya tono su. Amma wata uku ya rage ta yi ritaya, kuma za a kwashe ɗakin zuwa sito. "Littafin kakansa nake nema. Ya fita da shi?"

Na ce, "Ya faɗi a hanya."

Ya leƙa cikin rijiyar. Sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya hau mashin ɗinsa.

Sati goma na yi da wannan ƙarya. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, Habib ya ɗauke mini Lawali yana da rai, ba zai ɗauke abin da ya rage ba. Zai buga takarda da sunansa a sama, ya hau jirgi, a tafa masa. Ni da na goya Lawali a kan duwatsu fa?

Wata Asabar bayan azahar na buɗe littafin, karo na farko tun rasuwarsa. Rubutunsa ne na yaro, maganar kuma ta tsohon ce. Jar ƙasa gaba biyu. Marmara gaba ɗaya da kamu. Farin dutse mai 'yan kifi. Baƙar laka mai sheƙi, mai ɗaci a harshe, tana ɓarewa kamar albasa. A gefe Lawali ya sa alamar tambaya da jan biro a wurare da yawa, kuma a uku daga ciki ya rubuta: a tambayi Bakari. Bai tambaye ni ba. Wataƙila ya ga yadda fuskata take komawa idan aka tayar da maganar.

Na ɗauki jakar na tafi gidan Habib. Na ajiye ta a gabansa na ce, "Dakta, ƙarya na yi maka. Kuma duk zagin da na yi maka shekarun nan, ba wasa ba ne. Kishinka nake yi."

Ya dubi jakar, ya dube ni. "Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ni na ɗauka kai ne Bafillacen da ya fi kowa sona." Sai idonsa ya kawo ruwa. "Ka san shi kuma kullum me yake ce mini? Bari in kai wa Sobajo ya ji. Ko ina tsakiyar magana."

Kwana uku muka yi a kan littafin. Na buɗe hannuwana ya auna gaba da tef, na ce ya ƙara, domin Malam Maharazu dogo ne, hannunsa ya fi nawa. Na bayyana masa abin da mai haƙa yake nufi da marmara, da bambancin laka mai ɗaci da mai gishiri. Shi ya mayar da su Turancin masana. Na ce sharaɗina ɗaya, sunan Lawali ne a gaba. Ya ce tun farko haka yake, ya nuna mini a kwamfutarsa. Mun aika saura kwana goma sha tara matar ta yi ritaya.

Baƙar lakar ta dace. Matar ta aiko da hoton sabuwar takarda: Maharazu, mai haƙa rijiya, shi ya tono, jikansa Lawali ya gano inda suke. Ummusalma ta sa an wanke hoton, yana rataye a ɗakinta.

A 2017 Habib ya tafi can ya gama binciken, aka buɗe masa durowar ya ɗauki ƙasusuwan da hannunsa. Da ya dawo ya zo ƙofar gidana tun kafin ya huta.

"Ɗan nono, tashi ka gaida ubangidanka, daga Turai nake."

Na matsa masa a kan benci. Na tambaye shi nauyinsu, ya ce kowanne ya kai bulo ƙarami. Na tambayi launinsu, da ko akwai shaidar dagi a jiki. Ya ce akwai, a na huɗu, tsaga guda mai zurfi. Na sa ya faɗa mini sau uku. Ina jin daɗi yana faɗa, kuma ina jin haushi cewa shi ne ya taɓa su, ba Lawali ba, ba ni ba. Na gaya masa haka. Ya ce ya sani, yanzu kam ya sani, sannan ya ce in sa a kawo masa ruwa, maƙogwaronsa ya bushe.