Inuwar Sarƙa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, magini ne, amma kada ka kuskura ka kira shi mai jera bulo. Aikinsa rufi ne, irin mai lanƙwasa kamar bakan gizo, wanda ke tsayuwa ba ginshiƙi a tsakiya. Ana ce masa Mai Sarƙa. Ƙusa biyu yake kafawa a jikin faffaɗan katako, ya rataya siririyar sarƙa tsakaninsu, ya bar ta ta yi ciki yadda ta ga dama. Sai ya bi ta da gawayi, a kifa katakon, ƙasa ta koma sama. Wannan layin shi ne rufin.

Kawu ba shi da daɗin zama. Leburori na barinsa tun kafin siminti ya bushe. Mutum ɗaya ne ya jure shi, wato Kafinta, mai haɗa katakon da ake jera bulon a kai. Tun suna samari suke aiki tare, kuma tun lokacin ba sa ga maciji da juna.

"Maci katako ya iso," in ji Kawu kowace safiya.

"Na iso, uban 'yan girman kai. Ba ni zanen in wuce."

Kawu yana da ƙa'ida. Ranar da za a cire katakon da ya tokare sabon rufi, yakan tsaya a tsakiyar ɗakin, hannu a baya, Kafinta na bugun katakan suna zubewa. Idan rufin zai rufto, a kan mai shi zai sauka. Da wannan ya yi suna.

Da girma ya kama shi, yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. Aka ba shi rufin wani babban ɗakin ajiyar kaya. Ya rataya sarƙarsa da hantsi, rana na dukanta ta gefe, ya zana. Kafinta ya dubi layin, ya dubi sarƙar.

"Malam, ɓangaren hagun nan inuwa ka bi, ba sarƙa ba."

"Kai za ka koya mini? Yanke abin da na ba ka, ko ka kwashe zartonka."

Kafinta ya ɗauki katakon ya tafi.

Ranar cirewa mutane suka taru. Kawu ya shiga tsakiya ya tsaya. Guduma ta yi ta aiki har katako na ƙarshe ya faɗi. Rufin ko gezau. Aka fara tafi, Kawu ya ɗaga murya.

"Ina mai cewa inuwa na bi? Ya fito ya maimaita!"

Kafinta ya ajiye guduma. Ya je bayan tarin yashi ya jawo katakon zanen, ya jingina shi a gaban jama'a. Layi biyu ne a jiki, na gawayi da na jan alli, sun rabu a hagu da kusan faɗin tafin hannu.

"Baƙin naka ne, jan nawa. Sake rataya sarƙar na yi, na yanka a kan jan. Da na bi naka, da yanzu ana tono ka da shebur. Ba don kai na yi ba, makaho. Don kada a ce gudumata ce ta kashe ka."

Daga ranar Kawu bai sake karɓar aiki ba. Nakan je in zauna da shi a ɗakinsa, sarƙar na hannunsa yana murzawa, ya ba ni labarin daga farko, in yi kamar ban taɓa ji ba. Kafinta ma ya ba ni nasa, yana goge katako, bai ko ɗago kai ba.

Rannan na ce, ko zai ji sanyi, "Kawu, na bi ta wajen. Rufin nan yana nan daram."

Ya ja tsaki ya juya mini baya.

"Na sani. Kullum sai an zo an gaya mini. Ai da ya rufto mini, da aƙalla nawa ne."