Tafiyar da Na Yi Saboda Hannun Dije

A da, idan yaro ya kwana da ciwon kai da amai, tafiyarsa ta fara karkata, rubutu da hayaƙi muke yi har Allah ya yi ikonsa. Yanzu akan kai shi Kano a duba kan, a ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, a yi aiki. Haka aka yi wa Dije, jikar yayata, 'yar shekara tara. Ta tashi, amma hannunta na dama ya mutu rabi. Likita ya ce a bar ta ta riƙa yin abubuwa da kanta. Sai labari ya iske ni a Gumel cewa Yaya, can gidanta a Sule Tankarkar, ta hana ta ci da hagu, a baki ake ba ta, yarinya kuma sai rama take yi.

Gagarawa Tasha

Bayan sallar asuba na hau Keke Napep zuwa tasha, na samu motar Gagarawa. Can akwai Talatu, 'yar wani tsohon abokin fataucina, wadda 'yarta ta yi irin wannan ciwo. Na tarar da yarinyar tana shan koko ita kaɗai da ludayin da aka naɗe mariƙinsa da roba ya yi kauri, rabin kokon a zaninta.

"Ba kya taya ta?" na tambaya.

"Baba, idan na taya ta yau, wa zai taya ta ran da ba na nan? Zani ai wankuwa yake yi."

Na zaga Damagaram da Agadas da Kartum, na ga gidajen gashin ƙashi iri-iri, ban ji bayanin da ya fi wannan ba.

Maigatari

Washegari ranar kasuwa ce. A shingen hanya wani jami'i ya leƙo ya ce, "Alhaji, shanu za a sayo?" Na ce ludayi. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. A rumfar masu ƙwarya wani mutumin Nijar ya zaɓo mini ludayi marar nauyi, mai faci kuma ya naɗe mariƙinsa da tsohon tub na taya. Na ci gasasshen naman rago, wanda har yau na fi son na Maigatari a kan na Legas, na kwana gidan wani aboki.

Sule Tankarkar

A kan babur na ƙarasa, rairayi yana ta jan tayar. Na isa ana shirin cin tuwon rana. Yara sun kewaye kwano ɗaya a tsakar gida, Dije tana gefe a kan tabarma.

"Amaryata, haka za ki tarbe ni a zaune?"

"Tsoho, me ka kawo mini?"

Na ba ta ludayin, aka kawo kunu. Ta kama da dama, hannun ya yi rawa, ludayin ya kife a cinyarta. Ta sake, ya sake kifewa.

Yaya ta ce, "Ka gani? Kawo in ba ta."

"Yaya, malamai sun yarda mai lalura ya ci da hagu. A Madina na ga dattijo malami yana yi."

"Madina ba ta da yaran gidan nan. Hannun da take tsarki da shi za ta sa musu a kwano? Su guje ta, ka koma Gumel ka bar ni da kukanta."

Sai na gane tsoronta. Dije ce ta yi magana, kanta a ƙasa: "Kaka, ni ba jaririya ba ce. Idan kina ba ni a baki ƙoshi nake cewa, alhali yunwa nake ji."

Yaya ta miƙe. Ta ɗauko buta da sabulu ta wanke mata hannun hagu har gwiwar hannu, a gaban kowa. Ta zubo tuwo da miyar kuka, ta juya kwanon ɓangaren hagun Dije, ta ce, "Yi bisimilla." Dije ta gutsura. Yaya ta sa nata hannun a kwanon, ta ci daidai inda yarinyar ta taɓa. Ta ɗago ta dubi yaran: "Ku kuma me kuke jira?" Suka matso.

Gumel

Na dawo gida da la'asar, na gode wa Allah, na gode wa Talatu. Hannun dama bai warke duka ba, da shi take fama da ludayin koko kowace safiya, tana zubarwa, ana wanke zani. Amma tun daga ranar babu wanda ya sake ba Dije abinci a baki, kuma a kwano ɗaya take ci da 'yan'uwanta.