Masarar Ejura

Shekarar da aka ce baƙi marasa takarda su bar Gana, ina sayar da koko a ƙofar masallacin unguwarmu a Asawase. Ni da maigidana a nan aka haife mu, ba a taɓa mu ba. Amma Zabarmawan da ke kawo masara daga ƙauyuka kusan duk sun tafi, wasu ko sallama ba mu yi ba.

Kafin su tashi sun karyar da kayansu. Wani Alhaji a Tafo da abokansa suka saye, suka zuba a sito suka kulle. Bayan sallah masara ta fara hawa. Kwanon da ka auna yau, gobe in ka koma ya ƙara kuɗi. Na je wurin Alhajin da kaina.

"Baba, a sassauta mana. Da kokon nan yara suke karyawa."

"'Yata, yanzu ma arha ce," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Bari damina ta faɗi ki gani."

Na koma ina ƙara wa koko ruwa, har masu saye suka fara tambayata ko shayi na koma sayarwa. Abin ya yi mini ciwo.

Akwai wata Ba'ashantiya mai burodi da ke zama kusa da ni, Maame nake ce mata. Ta je jana'iza ƙauyensu wajen Ejura, da ta dawo ta same ni ina ƙorafi.

"Ku kuna kukan masara, yayana can yana kukan mai saye," ta ce. "Tun da Zabarmawa suka tafi, mota ba ta sake shiga ƙauyenmu ba. Rumbu ko'ina cike."

Ran nan na bi gidajen masu koko da masu tuwo, daga Asawase har Dichemso, na ce mu haɗa kuɗi in je can in sayo mana. Kowacce ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da ya sawwaƙa. Maigidana ya yi ta jinjina abin, wai ban taɓa wuce Mampong ba balle in kai Ejura, amma shi ya nemo mana direban da motarsa ke zaune tun da iyayen gidansa suka tafi.

Muka kama hanya da Maame. Daga titi zuwa ƙauyen hanyar duk rami ce, sai da muka sauka muka tura. Da manoman suka hango mota, gudu suka yi suka taro mu. Ban yi musu wayo ba, su ma ba su tsawwala ba. Muka yi lodi har direba ya ce ya isa.

A ƙofar gidanmu muka sauke. Mata suka zo da kwanonin awo, wata tsohuwa ta cusa hannu cikin buhu tana dariya tana hawaye. Abin da ya ragu muka sayar wa unguwa kusan a tsohon farashi.

Muka koma, muka sake komawa. Wasu suka ga hanya suka bi. Alhaji ya ci gaba da jira har ƙwari suka shiga masararsa, dole ya buɗe sito tun ruwa bai sauka ba, ya sayar ƙasa da namu.

Na bar wa ƙanwata tukunya, na kama rumfa a kasuwa. Da kaka ta zagayo, manoman suka aiko a gaya mini sun ƙara gona, in zo da mota biyu.