Magungunan 'Yan Dubiya Sun Kusa Kashe Mana Yakura

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gidanmu a unguwar Hausari ta Maiduguri ina jiran sakamako, kuma duk layinmu an san ni da baki. Ba na iya ganin abu in yi shiru, ba na iya jiran mai dogon bayani ya kai ƙarshe. Mahaifiyata kullum cewa take bakin nan nawa shi zai hana ni miji, ni kuwa in ce mata to ya hana mana. Na rubuto muku ne don har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba zan ɓoye ba, akwai mutanen da nake gaisawa da su a wajen biki ina jin kamar in shaƙe su.

A shekarar ne aka tashi garin su yayar mahaifiyata. Yakura muke ce mata, yadda ake kiran babbar uwa a wajenmu. Da ƙafa ta shigo Maiduguri tare da matan garinsu, tsohuwa mai jiki, ga hawan jini. Ta iso gwiwoyinta sun kumbura suntum, in za ta tashi sai an kama ta. Gidanmu ya riga ya cika da dangin da suka gudo kafin ita, har a zaure ana kwana, don haka aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakina, aka ce ni zan riƙa kula da ita.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. A da, mai zuwa dubiya lemo ko sabulu yake riƙowa. A lokacin nan kuwa an hana acaɓa, ga shingaye a hanya, ga dokar hana fita, zuwa asibiti ya zama aiki, kowa kemis ɗin unguwa ne likitansa. Saboda haka magani ya zama abin gaisuwa. Maƙwabciyarmu mai sayar da turaren wuta ta kawo wata jar ƙwaya, ta rantse ita ta tashe ta daga ciwon baya. Abokin babana mai wankin hula ya kawo kafso, ya ce in ya sha ɗaya sai ya wuni a tsaye bai san ya yi ba. Wata 'yar'uwarmu daga Limanti ta zo da haɗin kemis a ƙulle a leda, ba kwali ba suna. Yakura ta karɓi kowanne da hannu biyu tana sa albarka. A wajenta ƙin shan abin da baƙo ya kawo wulaƙanci ne, kuma ta san in sun dawo za su tambaya ko ta sha, ita kuwa ba ta ƙarya.

Ga tawa wautar. Ni ce mai boko a ɗakin, ni aka miƙa wa su. Na karanta: wannan ibufurofen, wancan diklofenak, ɗayan firoksikam. Suna daban, launi daban, sai na ce ai kowanne da aikinsa. Na raba mata su, wannan da safe, wannan da rana, wannan da yamma, haɗin ledar kuma duk sanda ta yi nishi. Har ina jin kaina wata nas. Ban tambayi kowa ba, don ba ni da haƙurin tsayawa tambaya.

Abin da ban lura da shi da wuri ba, Yakura ba ta cin abinci. In an kawo mata birabisko sai ta ɗan taɓa, ta tura wa yara kwanon ta ce ta ƙoshi. Tana ganin kanta nauyi ce a gidan mijin ƙanwarta. Ruwa ma kaɗan take sha, a cikin zafin nan na Maiduguri da ke dafa mutum a inuwa, don kada fitsari ya dame ta ta bi layin banɗaki. Ƙwayoyin nan a kan ciki wayam suke sauka. Amma gwiwa ta yi sauƙi, har ta fara taka ƙafa zuwa tsakar gida, sai 'yan dubiya suka shiga gardama a kanta, kowa na cewa nasa ne ya yi aiki.

Bayan 'yan makonni ta fara dafe saman cikinta. In na tambaye ta sai ta ce kalewa, wato lafiya lau. Ta fara neman ruwan kanwa. Ƙafafunta suka kumbura, leɓenta ya yi fari. Da yake tsugunno ya gagare ta, fo take amfani da shi, ta rufe da tsumma ta lallaɓa ta zubar da kanta. Wata rana jiri ya hana ta tashi, na ɗauka zan kai, tsumman ya zame. Abin da na gani baƙi ne ƙirin kamar kwalta, da wani wari da ban taɓa jin irinsa ba.

Na fito tsakar gida na faɗa da ƙarfi, yadda na saba, a gaban mata cike da tabarma. Mahaifiyata ta finciko ni zuwa madafi, ta ce ni wace irin marar kunya ce, a ina aka taɓa jin yarinya tana tallan bayan gidan uwarta a gaban baƙi. Ta ce miyar kuka ce. Mai turaren wuta ta leƙo ta ce in kwantar da hankalina, ciwon ne yake fita, haka maganinta yake wanke datti. Ita kuma Yakura ta juya fuska ga bango. Wannan juya fuskar ce ta karya ni. Ni da ban taɓa yin shiru don an ce in yi ba, ranar na yi. Na ci gaba da miƙa mata ƙwayoyi da kofin ruwa. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin.

Wata safiya tana alwala ta yanke jiki ta faɗi, ta yi amai baƙi-baƙi da gudajin jini. Muka sa ta a keke napep, ni da yayana, kanta a cinyata, muna tsayawa a kowane shinge ina jin hannunta yana yin sanyi. A asibiti wata likita ta tambayi abin da Yakura take sha, na zazzage mata ledar a tebur. Ta tattara su wuri ɗaya ta ce ai duk 'yan gida ɗaya ne, magungunan kashe ciwo da kumburi, ba a haɗa biyu daga cikinsu, balle uku, balle har da wanda ba a san me ke ciki ba. Ta ce suna cin bangon ciki har su yi gyambo, baƙin bayan gidan nan jini ne ke zuba a ciki tun tuni. Ta ce suna wahalar da ƙoda, musamman ga tsoho mai hawan jini da ba ya shan ruwa. Da ta tambaye ni yaushe aka fara ganin baƙin, na faɗa mata, sai ta dube ni kawai. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Yayana ya ba da jini aka ƙara mata. Gyambon ya warke a hankali, amma ƙodarta ba ta koma yadda take ba, har yau muna kai ta ana dubawa.

To ku ji abin haushin. Mutanen nan suka biyo mu asibiti dubiya. Wannan ta ce ƙaddara ce, wancan ya ce baƙin cikin barin gida ne ya taɓa ta, 'yar Limanti har da cewa a bincika ko jifa ne. Ba wanda ya buɗe baki ya ce ko ƙwayata ce. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar nan a leda aka kawo ta. Na je wajen mai kemis ɗin da ya yi haɗin, ya ce shi ciwon gwiwa aka ce masa, ba a ce masa tsohuwa ba ce, ba a ce tana shan wani abu ba. Na ce masa shi kuma bakinsa ciwo yake da ba zai tambaya ba? Ya ce in fita masa daga shago.

Ba a yi mako da sallamo mu ba, sai ga mai turaren wuta da sallamarta, wai ta samo sabo wanda ba ya taɓa ciki, ɗan waje ne. A bakin ƙofa na tare ta. Na ce mata ta koma da shi ta sha da kanta, in ya wanke mata datti ta zo ta ba mu labari. Ta ɗaga murya tana kiran mahaifiyata ta zo ta ji abin da 'yarta ke faɗa. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ji komai, ba ta ɗago kai ba.

Jama'a, maganin da ya yi maka ba lallai ya yi wa wani ba. Irin waɗannan ƙwayoyin ba a shan su da yunwa, ba a haɗa su, ba a mayar da su abincin kullum. Tsoho, mai hawan jini, mai alsa, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki, kada su taɓa sai likita ya ce. In kuka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko kumburin ƙafa, ko fitsari ya ragu, a daina sha, a tafi asibiti a ranar. Kuma in tsohuwarku ta ce lafiya lau, ku duba kwanonta, ku duba fonta, kunya ba ta tsayar da jini.

Yakura tana nan da rai. Gwiwar ta dawo da ciwonta, ruwan ɗumi nake gasa mata da ɗan abin da likita ta yarda da shi, wani lokacin tana cije leɓe ina kallo, ba abin da zan iya ƙara mata. Mai son zuwa dubiya gidanmu ya zo da addu'a, muna so. In kuwa da ƙullin leda a hannunki, a zaure zan kwance shi a gabanki, ko ke sa'ar kakata ce.