Daddawar Inna a Gangar Hukuma

Abin da ya kai ni Kuala Lumpur shi ne in koyi yadda ake rufe wurin aikin nukiliya idan ya tsufa: a auna bango da daɓe, a kwashe abin da ya gurɓata, a rubuta komai, har hukuma ta yarda mutum zai iya shimfiɗa tabarma a wurin ya ci tuwo. Gwamnati ce ta turo ni, don in koma gida in riƙa binciken wasu. A shekarata ta biyu kuma na taki sa'a, jami'armu ta tashi rufe wani tsohon ɗakin gwaji da aka daɗe ana aiki da sinadarai masu tururin nukiliya a ciki. Farfesana ya ce a kan wannan aikin zan rubuta kundin digirina. Aka ba ni katin shiga, aka ɗora mini koya wa sababbin ɗalibai dokokin wurin.

Ba na jin an taɓa yin malamin doka mai zafina. Akwai wani layi rawaya a daɓe, in ka tsallake shi ba ci, ba sha, ba shiga da ko ƙwayar dabino. Na taɓa mayar da wata ɗaliba saboda alawa ɗaya a aljihunta, na bi ta da wa'azi har bakin ƙofa. A wani taro na tashi na ce bincike na gaskiya shi ne wanda masu yinsa ba su sanar da zuwansu ba. Har tafa mini aka yi.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu ya dawo daga hutu da saƙon Inna, mahaifiyata. Daddawa ce, ba ta kasuwa ba. Ita ta dafa kalwar, ta surfa, ta rufe ta har ta nuna, ta daka, ta faffaɗa da tafin hannunta. Ta sa a leda uku, ta naɗe da yankin wani tsohon zaninta kore da na sani tun ina yaro, ta yi masa irin ƙullin nan nata da ba ya kwancewa sai da haƙori. Na rungume ƙullin a cikin jirgin ƙasa har unguwarmu Pantai Dalam, fasinjoji suna ta ba ni wuri, ni kuwa ina ganin kirkin mutanen Malesiya.

Matsalar ita ce maiɗakina tana da ƙaramin ciki, laulayi ya sa ta gaba. Ko takalmi ban cire ba ta ruga banɗaki. Da ta fito ta jingina da bango ta ce, "Malam, don girman Allah, ko ni ko ita a gidan nan."

Na kai ƙullin baranda, iska ta dawo mana da shi. Na yi tunanin kai wa 'yan uwa Hausawa ajiya, amma na san halin mutanena, sai dai in je in karɓo tsumman. Sai na tuna da wani tsohon firji a ƙuryar ɗakin gwaji, bayan layi rawaya. Ni da kaina na auna shi ciki da waje, na san babu komai a jikinsa, takardar sallamarsa kawai ake jira a sa wa hannu. Na ce sati biyu ne, laulayi ya wuce in ɗauke abata. Laulayi bai san da wannan alkawarin ba, aka shiga sati na bakwai.

Ranar wata Talata da safe masu bincike daga hukuma suka iso, ba sanarwa, daidai yadda na ba da shawara. Shugabarsu wata dattijuwa ce 'yar Malay, gajeriya, da mayafi ruwan toka da tabarau a kan hanci. Ba ta ɗaga murya. Ta duba takardu, ta duba magudanar ruwa, ta sa aka ja kabad don ta ga bayansa. Ni ke biye da ita da jerin kayan ɗakin a hannu, ina amsa tambaya tun ba a gama yi ba. Har muka zo kan firji.

Da ta buɗe, kowa ya ja da baya, har Farfesa da ya shekara talatin yana aiki da abubuwan da ke kashe mutum. Ta kara na'urar awo a jikin ƙullin. Na'urar ta ci gaba da ƙyas, ƙyas, a hankali, kamar yadda take yi a kowane tsakar gida. Daddawar Inna lafiyarta ƙalau.

"Wannan na wane ne?" in ji dattijuwar.

Farfesa ya juyo gare ni, tunda ni ke riƙe da jerin kaya. Na san abin da doka ta ce, ai ni ke karantar da ita. In na ce nawa ne za a karɓe katina, kafin a mayar mini kuwa an gama rushe ɗakin. Babu awo, babu kundi, sai in kwashi mace mai ciki mu koma gida hannu biyu.

Na ce, da kalmar da suke girmama mace da ita, "Ban san shi ba, Puan. Wataƙila tsohon samfuri ne da wani ya bari."

Ta ɗan sunkuya ta shaƙa, ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan ai kayan miya ne, kamar belacan ɗinmu da muke yi da jatan lande." Ta juya ƙullin da hannunta mai safa. "Kuma ba ɗalibi ne ya ƙulla shi ba. Haka tsohuwata take ƙulli, Allah ya ji ƙanta." Ta zuba mini ido tana jira. Ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, zanin kuma atamfa ce. Na tsaya ina kallon takalmina.

Doka ta ce duk abin da aka samu bayan layi ba a san asalinsa ba, sharar nukiliya ne. Ta miƙo mini takardar rajistar shara ta ce in cike, tunda rubutuna ya fi na kowa kyau. Na rubuta: abu baƙi, mai wari, ba a san asalinsa ba, ba a san mai shi ba. Na sa hannu. Aka zura ƙullin a leda biyu masu kauri, aka sa a ganga rawaya, aka liƙe, aka buga mata lamba. Daga nan aka kai ta ma'ajiyar hukuma, inda akwai mai gadi da kyamara da mai zuwa duba lafiyar gangar lokaci lokaci. Tunda ake daddawa a garinmu ba a taɓa yin wadda ta samu gata irin wannan ba.

Rahoton bincike ya ce a sake koya wa kowa dokar hana shiga da abinci. Farfesa ya ce ba wanda ya fi ni cancanta. Na tsaya gaban allo na yi bayani mai kyau, na ma kawo misali da firjin. Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba, amma ba wanda ya gani, aka sake tafa mini.

Duk Juma'a Inna takan tambaye ni a waya ko daddawa ta yi daɗi, in ce mata miya har maƙwabta suna santi. Bayan maiɗakina ta sauka lafiya, abin da ta fara nema shi ne miyar kuka da daddawar Inna. Na fita na sayo belacan a kedai, wato kantin ƙasan benenmu, ta ɗanɗana ta ture kwanon.

Sai da na gama kundina hankalina ya kwanta, sannan na ba Inna labarin, na mayar da shi abin dariya. Na gaya mata daddawarta tana da lamba da mai gadi, kuma gwamnatin wata ƙasa ce ke kula da ita. Ta yi dariya har da tari, ta kira ƙanwata ta ce in maimaita. Da dariyar ta lafa sai ta ce, "To, da matar nan ta tambaya ta wace ce, me ka ce mata?"

Layin waya bai taɓa kyau irin na ran nan ba, har kukan kajinta ina ji. Na ce, "Inna, ba na jin ki sosai, sabis ɗin ya lalace."