Sunayen da Yaya Sule ya rubuta a bayan alluna

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sule, amma ban taɓa jin rashinsa kamar watan jiya ba, ranar da na tarar an shafa jan fenti a bangon shagonsa da ke Kuchigoro. Duk mazaunin Abuja ya san ma'anar wannan fenti. Kwana bakwai aka ba mu kafin katafila ta zo.

Kafinta ne mai rufin kwano, amma abin da ya ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin allunan talla na ƙarfe, masu fenti irin na langa, waɗanda kantunan zamanin Turawa ke kafawa: na sabulu, na kananzir, na maganin ciwon kai. A ƙauyuka yake tsinto su, wani an toshe yoyon ɗaki da shi, wani an yi ƙofar akurki. Mu kuwa tsiya muke yi masa, muna kiransa baban bola mai aji. Allunan ba saye yake yi ba. Sabon kwano yake kai wa mai allo, ya kafa masa da hannunsa, sannan ya rubuta sunan mutumin da na ƙauyensu a bayan allon da baƙin fenti. Yakan ce ajiya ce aka ba shi.

Ɗaki ɗaya gare ni, ba ni da inda zan kai su. 'Yan gwangwan sun fara shawagi a ƙofar shagon, sai ga wani attajiri daga Maitama, yana neman abin ƙawata falonsa. Ya jujjuya allunan, ya ce, "Zan kwashe duka yau ɗin nan. Amma wannan rubutu na baya a kankare min, ba na son dirty."

Na ce, "Oga, a ba ni zuwa gobe."

Wallahi ranar haushin Yaya na ji. Ya tafi ya huta, ya bar ni da kayan nauyi. Na san da yana raye sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, wai abin da muka raina ne ake rububi a Maitama. Maganar kankarewa ce ba zai yi wa dariya ba.

Ban kira attajirin ba. Na ari a-kori-kura, na loda abin da za ta iya ɗauka, na fara bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina mayar wa kowa ajiyarsa. Wasu sun rasu, wasu ƙauyen ma babu shi, gidaje sun cinye. Kuma ban gama ba. Ina hanyar Kwali katafila ta iso, abin da ya rage a shagon ta nannaɗe shi kamar tabarma. Har yau abin yana cina.

Na ƙarshe a motar allon sabulu ne, a bayansa an rubuta Saratu, Yangoji. Na same ta, tsohuwa tukuf, tana sussukar masara. Ta shafa allon, ta ce, "Kafintan nan! Kwanonsa har yanzu bai yi yoyo ba. Yana ina?"

Na faɗa mata. Ta ce in kafa mata shi a ƙofar rumbu. Na ɗora, hoton sabulun yana waje, na ɗauko ƙusa.

Ta ce, "A'a, ɗana, juya shi. Rubutunsa nake so in riƙa gani."